Randar Da Ta Je Landan

Bahaushe ya ce tulu ke yawo, randa tana ɗaka. Wanda ya fara wannan magana bai yi zamani da Ladi Kwali ba. Randunan matar nan sun bar ƙauye, sun shiga fadar sarki, daga can suka haye teku zuwa Landan da Amurka, kuma har yau suna can cikin akwatunan gilas, ba wanda ya taɓa jefa moɗa a cikinsu. Ita kanta mai su kusan kowa a Nijeriya ya taɓa riƙe ta a hannu bai sani ba. Ɗauki 'yar Murtala, wato takardar naira ashirin, ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana aikin tukunya ita ce Ladi.

An haife ta wajajen 1925 a Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, mutanen da mu Hausawa muke ce wa Gwari. Sunanta ma namu ne, sunan yarinyar da aka haifa ranar Lahadi. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma ba a makaranta ake koyonta ba. Yarinya tana ɗebo ruwa, tana kwaɓa yumɓu, tana tsince tsakuwa, idonta na kan hannun manya, har ranar da za a miƙo mata curi a ce ta gwada. Ladi ta koya ne a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ƙaninta ya ba da labari daga baya cewa tun tana ƙarama, sau da yawa ana saye tukwanenta kafin a kai su kasuwa.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ake wannan gini, don duk labarin a kansa ya rataya. Ba keken gini, ba inji, ba abin awo. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan ɗan abin da zai tallafe shi, ta luma hannu a tsakiyarsa, ta riƙa jawo bangon sama da yatsunta. Tukunyar ba ta motsi. Matar ce ke zagaya ta a sunkuye, tana tafiya tana ja, tana tafiya tana shafa. In curin ya ƙare sai ta mulmula wani yumɓun kamar igiya ta ɗora a baki, ta haɗe shi da na ƙasa har a rasa mahaɗa. Haka cikin randar zai buɗe, ya yi tumbi, ya tsuke a wuya, sannan ta sa jiƙaƙƙen tsumma ta fitar da leɓe. In ka ga abin an gama ka ce da wani ma'auni aka zana da'irar, alhali ƙafa da ido ne suka yi ta.

Sai ado. Kafin yumɓun ya bushe ƙarau, takan raba jikin randar gida-gida da layuka, ta mirgina ɗan tufkakken zare ko guntun icce mai tsaga a kai ya bar sawu, sannan ta ɗauki tsinke mai kaifi ta fara zane. Abin da take zanawa shi ne abin da take gani tun tana rarrafe: ƙadangare, kunama, hawainiya, kada, maciji, kifi, tsuntsu. Ba ta zana su yadda mai ɗaukar hoto zai kamo su. Takan shimfiɗe ƙadangare kamar an dube shi daga sama, ƙafafu huɗu a baje, ta cike bayansa da ƙananan layuka masu gicciye, ta lanƙwasa wutsiyar ta bi tumbin randar. Kunamarta kuwa kana gani ka san ta ɗaga ƙari. Duk ƙauyukan yankin ana irin wannan zane, amma na Ladi akwai natsuwa a cikinsa. Ta san inda za ta cika, ta san inda za ta bar fili ya huta, kuma wannan shi ne abin da ba a koya wa mutum.

Toyi kuma a fili ake yinsa. A jera tukwane, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Ba ta daɗewa, zafinta kuma bai cika wuce digiri 600 zuwa 900 ba. Magina da yawa a yankin sukan yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kan tukunya tun tana da zafi, sai ta yi duhu, ta ɗan yi sheƙi. Makubar nan dai da ake daɓe da ita.

Da haka rayuwar Ladi za ta tafi, ta yi suna a kasuwannin ƙauye ta tsufa, ba don mutum biyu ba. Na farko Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. A tuna, Abujar da ake magana ba wannan ta manyan tituna ba ce. Tsohuwar Abuja ce, garin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, wadda yanzu ake kira Suleja. Sarki Sulaimanu tsohon malamin makaranta ne, mai ido a kan abin hannu, ya sayi randunan Ladi ya ajiye a gidansa don kyansu kawai.

Na biyun wani Bature ne ɗan Ingila, Michael Cardew. Mutumin nan ya yi karatu a Jami'ar Okasfod, amma ya watsar da aikin ofis ya kama laka. A 1923 ya shiga almajirci wurin Bernard Leach, babban maginin tangaran na Ingila a wancan zamani. A 1942 aka kai shi Achimota a ƙasar Gana ta yau, ya shugabanci wata masana'antar tangaran a Alajo, abin ya ƙi ci, aka rufe. Bai haƙura ba, ya koma Vume a bakin kogin Bolta ya kafa tasa da kuɗinsa, ya yi shekara uku yana fama da yumɓun da ba ya jin magana da matoyar da ke fasa masa kaya, har ciwo ya kora shi gida a 1948. Wato lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aikin jami'in tukwane a Nijeriya a 1950, mutum ne da wuta ta riga ta ladabtar. Ina ganin wannan ya yi amfani. Baturen da bai taɓa faɗuwa ba da wuya ya tsaya ya kalli tukunyar ƙauye da girmamawa.

Ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da magina. A gidan Sarkin Abuja ya ga randunan nan masu ƙadangaru, ya tambayi wanda ya gina su, aka ce wata mata ce a Kwali. Ya zaɓi Abuja ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, don akwai yumɓu, akwai ruwa, akwai itace, ga kuma sarki mai goyon baya. Cibiyar ta fara aiki a 1952. Manufar gwamnati ita ce a koya wa samari yin kwanuka da kofuna da butocin shayi na tangaran, irin waɗanda ma'aikata suka fara saye daga waje. Maza zalla aka ɗauka, aka zaunar da su a kan keken gini, wanda ake juyawa da ƙafa. Cikin waɗanda suka riƙe wurin har da Kofi Athey, wanda ya biyo Cardew tun daga Gana. Sai a ƙarshen 1954 Ladi ta shigo, ita ce mace ta farko.

Ta koyi keken, kuma ta ƙware. Ta yi kwanuka da kofuna da farantai, ana buga musu hatimin LK a gindi, kusa da hatimin cibiyar, wanda sunan Abuja ne da ajami. Amma ba ta saki randarta ba. A gefe guda na rumfar samari na taka keke, a ɗaya gefen ita tana zagaya curinta a sunkuye kamar yadda ta saba a Kwali. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar, da kuma wannan rufi mai sheƙi da ke bambanta tangaran da tukunya.

Rufin nan gilas ne, ba fenti ba. Ana haɗa shi daga abu uku: wanda zai zama gilas ɗin, wato sinadarin da ke cikin yashi da ƙanƙarar dutse, wanda zai taimaka masa ya narke, da ɗan yumɓu da zai riƙe shi kada ya zurare ƙasa. A Turai magini yakan aika a kawo masa waɗannan a buhu, an niƙa an tace. A Abuja ta 1950 da 'yan kai babu wannan gata, kuma Cardew ma aƙidarsa ita ce a nemo komai a ƙasar da ake zaune. Saboda haka aka shiga farautar duwatsu. A fasa dutse, a niƙa shi ya zama gari, a tankaɗe tokar itace, a nemo farar ƙasa, a kwaɓa su da ruwa kamar kunu, a tsoma 'yan guntayen gwaji, a sa musu lamba, a jefa a matoya a jira. Toka tana ba da sinadarin da ke narkar da dutse, amma tokar wannan icce daban da ta wancan, dutsen wannan tudu daban da na gaba. Haɗin da ya yi kyau a wannan wata yana iya fitowa a daskare a wata mai zuwa, ko ya tsattsage, ko ya ɓare daga jikin kwano kamar ɓawon gyaɗa. In rufin da yumɓun ba su takure daidai da juna ba wajen hucewa, ɗaya sai ya ci amanar ɗaya. Littafin da Cardew ya fitar a 1969, Pioneer Pottery, rabinsa bayanin irin wannan wahala ce.

Launi kuma yawancinsa daga ƙarfe yake zuwa, tsatsar nan da ke sa jar ƙasa ja. Abin mamakin shi ne ƙarfe ɗaya ne ke ba da launi biyu masu nisa da juna. In kaɗan ne a cikin haɗin, aka kuma toshe wa matoya iska har wuta ta riƙa neman numfashi tana hayaƙi, sai rufin ya fito kore-kore mai haske kamar ruwan tafki, irin wanda Sinawa suka shahara da shi, ake kira seladon. In aka yawaita ƙarfen, sai ya fito baƙi wuluk mai ja-ja a gefuna, wanda Japanawa ke kira temmoku. Kafin a kai nan sai wuta ta haura digiri 1,250, da itace kawai. Dare da rana ake zuba shi, ana leƙa ɗan rami ana duban wasu 'yan tsinkayen gwaji da ke sunkuyawa in zafi ya kai. Bayan an kashe wuta kuma sai a toshe ko'ina a jira ta huce. Mai gaggawar buɗewa tsingaro zai kwasa.

Randar Ladi ta kawo tata matsalar. Zanenta tsaga ce siririya a jikin yumɓu mai duhu. In aka zuba mata rufi mai kauri, ƙadangaren ya nutse, an yi aikin banza ke nan. Dabarar da aka tsaya a kai ita ce a cusa farar laka a cikin kowace tsaga, a goge saman, sannan a rufe randar da gilas mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Da ta fito daga wuta sai ga layukan sun yi haske a ƙarƙashin kore mai duhu, kamar kana hango kifi a gindin rafi da rani. A kan farantai da kofuna kuma takan bi ta wata hanyar: a tsoma abin cikin ruwan laka mai launi, ita kuma ta karce shi da tsinke har na ƙasa ya bayyana, ko ta ja yatsunta a kai tun yana da danshi. Hannun da ya saba da tumbin randa bai sha wuya da cikin faranti ba.

To, a nan ne labarin ya ɗan yi ɗaci, kuma masu yabon abin ba su cika tsayawa a kai ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da randa a gindin bishiya ya san daɗin ruwanta da tsakar rana a watan Afrilu. Sanyin nan daga ina? Tukunyar da aka toya a fili tana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar ta tafi da zafi. Randa gumi take yi, kamar mutum. Wannan hikimar ce ma wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Amma yumɓun da ya sha wutar digiri 1,250 ya toshe, ya zama kamar dutse, ga kuma gilas a kansa. Randar Ladi ta cibiya ba ta gumi, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da matar Gbagyi ba za ta so ta saɓa ta a kafaɗa ba, ga tsadar da ba mai sayenta a kasuwar Kwali. Haka tukunyar miya: ta gargajiya tana zama a kan murhu shekara da shekaru, ta tangaran kuwa harshen wuta na taɓa gindinta sai ta tsage. Shi kansa Cardew ya san da haka, ya kuma sha faɗin cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikinsu, ba sa bukatar gyaransa.

Ni dai ban ga laifin Ladi a nan ba, ban kuma yarda da masu cewa Bature ne ya yi ta ba. Kafin ya zo sarki ya riga ya sayi kayanta. Abin da cibiyar ta ba ta shi ne wuta mai zafi da hanyar fita. Siffar randar da dabbobin da ke jikinta daga Kwali ta zo da su. In ma lissafi za a yi, shi ma ya kwasa: akwai wata tukunya mai murfi da ya riƙa yi har bayan komawarsa Ingila, wadda ya ɗauko siffarta daga tukwanen Gbagyi, kuma da sunan Gwari yake kiranta.

Aka kai kayan Abuja baje koli a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958, aka sake a 1959 da 1962. Randunan Ladi su suka fi jan ido. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus tana nuna yadda take gini. Ka ƙiyasta abin a ranka: zaure cike da malamai da ɗaliban da suka yi shekaru suna koyon keke, ga mace ba ta taɓa zama a aji ba, ta ɗaura zani, ta sunkuya, ta zagaya curin laka, kafin su ankara randa ta tashi. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, daga wannan jami'a zuwa waccan. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 ta samu lambar yabo ta ƙasa da ake ba wa masana da masu fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata da OON.

Abin da ya fi waɗannan lambobi a wurina shi ne ƙofar da ta buɗe. Bayanta wasu matan sun shigo cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto, kowacce da nata hannun. Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓa, aiki ya ci gaba, Ladi tana nan. A 1974 wata ɗaliba 'yar asalin Kenya da ke karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin matan nan. Yau tana cikin manyan maginan tangaran na duniya, kuma ba ta ɓoye inda ta koya.

Mu kuma fa? Bari in faɗi wadda ba za ta yi mana daɗi ba. Mun daɗe muna ɗaukar kalmar Bagwari mu jefi wanda muke ganin bai waye ba, wanda harshensa ya karkace mu ce yana gwaranci. Maginin tukwane ma ba mu ajiye shi a sahun gaba na masu sana'a ba. Sai ga shi Bagwariya mai laka a hannu ita ce macen da aka buga hotonta da sunanta a kuɗin ƙasar. Randar da kakanninmu suka sha ruwa a ciki kuwa mun musanya ta da jarkar roba, wadda in ta wuni a rana ruwanta sai ka ce na wankan jego.

Cardew ya mutu a 1983. Ladi ta bi shi ranar 12 ga Agusta, 1984, a Minna. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a sabuwar Abuja. Ƙauyenta Kwali yanzu ƙaramar hukuma ce a cikin Babban Birnin Tarayya. Dokar da ta ƙirƙiro birnin a watan Fabrairun 1976, wadda a sanadinta tsohon garin ya bar wa sabon sunansa ya koma Suleja, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta yi ta. A 2007, da aka sake fasalin naira ashirin, sai aka bar Murtala a gaba aka sa Ladi a baya.

Takardar nan yanzu a garuruwa da yawa ko ruwan leda ba ta saye, yara ma sun fara raina ta. Randunan kuwa, in ɗaya ta fito gwanjo a Landan, dubban fam ake zubawa. In 'yar Murtala ta faɗo hannunka a canjin ɗan acaɓa, kafin ka cusa ta a aljihu ka juya bayanta ka nuna wa 'yarka, ka gaya mata sunan matar da garinsu.